Ranar da Aka Karanta Fuskar Hajo

Shekarar da rumfar bayi ta Kasuwar Kurmi ta cika hamsin cif da watsewa, wani malamin elementare a Madabo, Malam Isyaku, ya tashi da wata magana da ta hana shi zama. So yake a tara tsofaffin da suka ga ranar da idonsu, a shimfiɗa musu tabarmi a daidai inda rumfar take a da, su faɗa, shi kuma ya rubuta, tun ƙasa ba ta rufe su da labarin ba. Ya sami izinin mai unguwa, ya sami na sarkin kasuwa, har mai shela ya ɗauka. Abu ɗaya ya rage masa, su tsofaffin. Kwana goma sha biyu yana zaga lunguna a kan kekensa. Duk soron da ya yi sallama sai a kawo masa ruwa, a yaba hankalinsa, a ce ai su gidan nan 'ya'ya ne tun kaka da kakanni, amma ya gwada gidan gaba. Ka ji Kano. Kowa ya haddace asalin maƙwabcinsa, nasa kuwa ya manta.

Ya fara saduda ke nan sai ga aike daga Zaitawa, wai Hajo mai daddawa tana nemansa.

Hajo tsohuwa ce 'yar firit, ta haura sittin, bakinta kuwa ko barkono ya san da zamansa. A kowane kuncinta akwai manyan tsagu huɗu, masu faɗi, marasa kyan aiki, sun taso daga gefen ido har haɓa. Tun tana amarya take jan mayafi ta rufe su. In wani mai rawar kai ya tambaye ta ta wace ƙasa ce, sai ta ce, "Ta gidan ubana ce, ta naka fa?" Daga nan ba a ƙara tambaya. Gaskiyar maganar kuwa ita ce Hajo ba ta san gidan ubanta ba, kuma wannan abu yana cin ta tun tana yarinya. Ta yi wayo ta ga kanta a wani rinji, can kudu da birni, cikin bayi masu noma, ba uwa ba uba. Tana 'yar shekara goma sha biyu aka kawo ta Kurmi. Abin da ta sani game da kanta ke nan.

Malam Isyaku ya jingine keke, ya tsuguna ya gaishe ta. Ba ta bari ya gama gaisuwar ba.

"Kai ne mai neman bayi a gari an ce babu?"

"Baba, ba haka na faɗa ba, ni dai…"

"To ga ɗaya ka samu. Zan zo, zan zauna a tabarmarka, zan faɗi abin da na gani, ka rubuta har alƙalaminka ya gaji. Amma da sharaɗi."

Murna ta sa ya kusa faɗawa cikin ƙwaryar kalwa. Ya ce ko mene ne.

"Ka tara mini wanzamai. Ba yara masu askin ango ba, tsofaffi, waɗanda suka san tsaga. Zan cire mayafin nan a gabansu su karanta mini fuskata. Kai kana karanta takarda, su suna karanta fuska. So nake kafin in mutu wani ya ce mini, ke 'yar ƙasa kaza ce. Ko da bayan duniya take, in dai san inda zan juya in ce can ne."

Ya tambaye ta me ya hana ta nuna wa wanzami tuntuni. Ta harare shi. Ta ce wanzami da ke shiga gida-gida, in ka gaya masa magana da safe ai kafin la'asar ta kai Ƙofar Mata. Tana da miji a lokacin, tana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Yanzu mijin ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan kowacce tana ɗakinta har da jikoki. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Washegari mai shela ya bi unguwanni da sunanta a bakinsa. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga autanta Tanko ya faɗo gidan, ko takalmi bai tsaya cirewa a inda aka saba ba. Tanko baduku ne mai rumfa a Kurmi, mutum mai son a ce masa Malam Tanko, mai naɗa rawani ko da sayen goro zai fita.

"Iya, me na ji? A kasuwar da nake zaune? A gaban abokan sana'ata? Gobe in na yi gardama da wani, da me kike jin zai rufe mini baki?"

Hajo tana cuɗa daddawa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka ce masa uwarka ce aka ɗaure, ba ita ta ɗaure wani ba. In da kunya a ciki, a nemi mai igiyar a ba shi kayansa."

"Iya, shekara hamsin asiri a rufe…"

"Wane asiri? Kana jin akwai wanda bai sani ba a Zaitawa? Sun sani, shiru suke yi, ni ma ina shiru, duk muna ta wahalar da juna. Ni na gaji."

Ya yi rantsuwa ba zai leƙa wurin ba. Ta ce Allah ya ba da kasuwa.

Abin mamaki, ita ba tsoro take ji ba, ɗoki take. Kwana ukun da suka rage ko abinci ba ta iya ci sosai. Ta fito da zanen saƙinta na ƙasan adaka ta turara shi, ta sa aka yi mata kitso, ta ƙunsa lalle har gwiwar hannu, maƙwabta suna ta tsokanarta wai ko wani dattijo ne ya yi sallama. Tana tankaɗe tana lissafa ƙasashe a ranta. Ko ta Ningi ce? Ko Bagwariya ce? In aka ce mata Adamawa, jirgin ƙasa yana zuwa can? Sai ta tsinci kanta tana dariya ita kaɗai, kamar yarinyar da aka yi wa alkawarin zuwa kallon biki.

Ranar taron, bayan azahar, wurin ya cika ya batse. Masu ƙoren da ke zaune a gurbin tsohuwar rumfar suka kwashe kayansu gefe, aka shimfiɗa tabarmi. 'Yan dako suka ajiye kaya suka tsaya, masu kayan yaji suka bar wa Allah tsaron rumfuna. Jin Hajo ta yarda ya sa wasu tsofaffi uku suka yi ƙundumbala suka fito, maza biyu da mace ɗaya, suka zauna suna kallon ƙasa. A gefe guda ga wanzamai har bakwai a jere, kowa da zabirarsa a cinya, suna hura hanci don yau ranarsu ce. Hajo ta hango wani rawani da ta sani yana leƙe ta bayan tarin faifai, ta yi kamar ba ta gani ba.

Malam Isyaku ya yi bismilla, ya yi jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa, sannan ya ce Baba Hajo ta yi magana. Ta miƙe, ta taka zuwa wani wuri kusa da bango, ta buga ƙafa.

"Nan ne. Nan turken yake. Kwana uku na yi a nan da igiya a ƙafa. Wani dillali mai jan gemu shi ke buɗe mini baki yana nuna wa mutane haƙorana. Ga su nan har yau, nasa kuwa na tabbata ƙasa ta cinye."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Ta ci gaba. Ta ce a rana ta huɗu da hantsi suka ji wata ƙara daga wajen ganuwa, irin wadda ba su taɓa ji ba, aka ce Nasara sun shigo. Kasuwa ta dare. Dillalai suka cika wandonsu da iska, mai jan gemu har takalminsa ɗaya ya bari. Wani bawan Allah da ba ta ko ga fuskarsa ba ya bi su da wuƙa yana yanke igiyoyi yana cewa ku gudu. Kowa ya gudu. Ita kaɗai ta zauna, da guntun igiya a ƙafa, don ba ta san inda ake gudu a je ba. Tana nan zaune har rana ta karkata, sai ga wata mai daddawa ta dawo neman ƙwaryarta da ta yar, ta gan ta, ta ce, ke 'yar wa ce? Matar ta kama hannunta ta kai ta Zaitawa, ta sa mata suna Hajo, ta koya mata sana'a, ta aurar da ita.

"Tun daga ranar ba a ƙara kasa mutum a wurin nan ba, alhamdu lillahi. Amma tambayar matar nan har yau ban amsa ta ba. Shi ya sa na zo."

Ta sa hannu ta yaye mayafin, ta naɗe shi, ta ɗora a kafaɗa. Iska ta taɓa kuncinta a bainar jama'a, ta ji wani sanyi har cikin ranta. Ta zauna a gaban wanzamai ta ɗaga haɓa.

Nan fa aka yi ta. Na farko ya duba ya ce wannan ai ko makaho ya san ta dutsen Ningi ce. Na biyu ya ce Allah ya sawwaƙe, ta Ningi ba ta kai haɓa, wannan ta Gwari ce. Na uku, wanda ya taɓa zuwa Makka a ƙasa, ya ce duk su yi shiru, ya ga irinta sak a Bagarmi. Gardama ta kaure, kowa yana kiran sunan ubansa da ya koya masa aska. Malam Isyaku ya rubuta ya soke, ya rubuta ya soke. Jama'a suka rabu, kowane wanzami da magoya bayansa. Hajo tana juya kai daga wannan zuwa wancan, zuciyarta tana tafiya Ningi tana dawowa, har ta ƙule.

"Kai, ku tsaya! Uwa ɗaya ce ta haife ni, ba uku ba. In ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba, ku koma ƙaho."

Suka ɓata rai. Dama wanzami ba ya son jarfa.

A ƙarshen layi akwai wani tsoho da bai ce uffan ba, Ilu wanzamin Madabo. Yanar ido ta rufe masa gani, sai an ja shi yake zuwa gidajen aski, amma hannunsa bai taɓa yanka kowa ba. Ya yi gyaran murya ya ce shi ba ya gani, in Hajo ta yarda zai taɓa. Ta ce ya taɓa, ai abin da ya kawo ta ke nan.

Ya sa yatsunsa a kuncinta, ya bi manyan tsagun ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsaki.

"Wannan ba tsagar kowa ba ce. Ba wanzami ne ya yi ta ba, kuma ba a jaririya aka yi ta ba. Wuƙa ce. Haka masu satar mutane suke yi, su ɗora wata a kan ta gado don kada dangi su gane ɗansu. Ku kuna ta karanta ƙarya."

Hajo ta dube shi. Ashe ma babu abin karantawa? Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce ta yi shiru, kada ta motsa leɓe. Yatsunsa suka gangaro gefen bakinta, suka tsaya, suka koma, suka sake tsayawa. Ya taɓa ɗaya gefen. Sannan ya hau ƙarƙashin idonta na hagu yana lalube a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero.

"La ilaha illallahu. Ga ta nan a ƙasa. 'Yan baka uku-uku, sirara, na ranar suna. Ga kuma ɗan bille guntu a ƙarƙashin ido." Ya ja numfashi. "Jama'a, wannan hannun mahaifina ne."

Aka ce kai Baba, ta yaya?

"Bahago ne. Tsagarsa takan karkata, ta ƙare da ɗan lanƙwasa a ƙasa. Shekara sittin ina aske fuskokin da ya tsaga, zan ɓata hannunsa? Gida bakwai yake yi wa aski a Madabo, gida ɗaya ne kawai ke ƙara billen nan, gidan Nata'ala marini. Kuma a shekarar yaƙin basasar Kano, da mata suka fita gudun hijira, yarinyarsu ta ɓace a hanya, ba a daɗe da yaye ta ba. Yayarta 'Yardada tana nan da rai, jiya-jiyan nan na yi wa jikanta aski."

Madabo. Hajo ta maimaita sunan a ranta ta ji bai shiga ba. Ita da ta shirya jin ƙasar da sai an yi wata ana tafiya, a ce mata Madabo, inda in ta ɗora tukunya ta je ta dawo ba ta tafasa ba?

Wata mai fura ce ta fara rangaɗa guɗa, sai kasuwa ta ɗauka. Kabbara ta ko'ina. Malam Isyaku ya yar da alƙalami yana tafi kamar ba malami ba. Sai ga Tanko ya keto taro, rawani ya warware yana jan ƙasa, yana ihu, "Kun ji ko? Kun ji? Ashe mu 'ya'ya ne! Iya, tashi daga tabarmar nan!"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Jiya da ba ka san haka ba, ɗan wa kake?" Ta juya ga tsofaffin nan uku da ke zaune, ta ce, "Ku faɗi naku, kada ku fasa, Malam ya rubuta. Tare aka ɗaure mu. Zan je in dawo."

Ba ita kaɗai ta tafi ba, rabin kasuwa ya bi ta. Ilu a gaba, Tanko na riƙe da hannunsa, tsohon yana sauri har yana jan mai jansa. Mata suna leƙowa ta kan katanga suna tambayar bikin wa ake, ana ba su labari a guje, su ma su zari mayafi su biyo. Hajo tana tsakiya, fuska a buɗe, ƙafafunta ba sa jin ƙasa. Dariya take, hawaye na zuba, tana ce wa duk wanda ya matso, "Marina ne fa! Ubana marini ne!"

Suka sha wata kwana, suka wuce masallaci, Ilu ya tsaya a ƙofar wani soro mai dakali biyu ya ce nan ne. Hajo ta ɗaga kai ta dubi soron, sai dariyar ta ɗauke. Ta san gidan nan. Ta taɓa shiga sau ɗaya.

Maza suka tsaya a waje, mata suka shiga da ita. Labari ya riga su isa. A tsakar gida wata tsohuwa doguwa tana tsaye ta dafa turmi, da 'yan baka uku-uku sirara da ɗan bille a ƙarƙashin idon hagu. 'Yardada ce. Ta matso, ta kama fuskar Hajo da hannu biyu, ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Luba," ta ce. "Luba ce. Wallahi goshin Baba ne. Ni ce nake goye da ke, ni ce na sauke ki in sha ruwa…" Kuka ya ci ƙarfinta. Suka rungume juna suka zube a ƙasa, matan gida suna guɗa suna kuka a haɗe.

Da suka ɗan lafa, 'Yardada ta share ido ta ce, "Kin makara da shekara huɗu, 'yar'uwa. Inna ta jira ki har ta gaji. Ba ta taɓa yarda a ce kin mutu ba. Ga ɗakinta can."

Hajo ba ta juya ta dubi inda aka nuna ba. Ta ce, "Na san ɗakin. Akwai taga ƙarama ta gabas, da gadon kara."

'Yardada ta saki baki.

"Ranar da ta rasu, mai yi muku wankan gawa ba ta da lafiya, kuka aika Zaitawa a nemo wata tsohuwa da ta iya. Ni aka samo. Na zo da mayafina a rufe, ke kika zuba mini ruwa." Ta dubi tafin hannunta masu jan lalle. "Na wanke ta, na taje mata kai, na yi mata kitso uku, na sa mata likkafani. Har na ce a raina, wannan tsohuwa ta yi sa'a, a cikin 'ya'yanta ta cika."

'Yardada ta kamo hannayen nan biyu, ta juya su, ta kifa fuskarta a ciki.

"Kullum in ta idar da salla sai ta ce, Allah ko sau ɗaya ne ka haɗa ni da Luba kafin a rufe ni. Muna ce mata ta yi haƙuri." Ta ɗago, hawaye na bin 'yan bakanta. "Tashi mu shiga, Luba. Ai kin san hanya."